Golf 3 ta mutu da ƙarfi bayan canjin taimin belt, dan Allah masana a duba mani

Direban Daura:

Salamu alaikum jama'ar gida. Dan Allah ina neman shawarar masu ilimin inji. Golf 3 ce gare ni wagon, 1.8 mai singil injekta, da ita nake lodin Katsina zuwa Daura kullum, wani sa'in sawu biyu. Sati biyu da suka wuce ta yi obahitin kusa da Mashi, tof gaskit ya ƙone, aka jawo ta gareji aka sauke kan inji aka canza gaskit, tunda an riga an buɗe na ce a sa sabon taimin belt gaba ɗaya. To tun ranar da na amso ta motar nan ba ita ba ce wlh. Da safe sai na yi ta kik kamin ta tashi, in ta tashi silo ɗinta na rawa kamar mai jin sanyi, in na ɗauki mutum shida da buhu biyu a but sai na yi ta taka totur tana nishi, inda nake wucewa da giya huɗu yanzu sai na dawo uku. Ga shan mai, abin da ke kai ni ya dawo da ni yanzu sai na ƙara a hanya. Na maida ma mai gyaran ya sassauta distiributa ya murɗa ta, ta ɗan yi dama-dama, washegari na ji tana ƙwanƙwasa in na taka a hawan tudu. Ya canza fulogi, an wanke injekta, shiru. Yanzu cewa yake wai injin ne ya gaji sai dai a yi ringin, wato a canza zobban fistin. Injin da sati biyu baya yake tashi da kik ɗaya? Ni dai ban gamsu ba.

Abba Sikana:

Wa alaikumus salam. Yaya, ka kawo ta a jona mata kwamfuta kawai a huta da canki-canka, in taimin ne za ta nuna P0016, wato kamshaf (mai buɗe bawul) da kirankshaf (wanda fistin ke juyawa) ba su jitu ba. Jiya ma na yi ma wata Corolla.

Baba Makanike Ƙofar Ƙwaya:

Abba yaron kirki, Corollar taka daban, wannan daban. Waccan tana da sensa a kam, tana da sensa a kirank, shi ya sa kwamfutar ke iya gwada su ta ce ba su jitu ba. Golf 3 mai singil injekta sensa ɗinta na cikin distiributa, kuma distiributar ba kam ne ke juya ta ba, wani shaf ne daban a gefen bulo wanda shi ma belt ɗin ke ja, shi ke juya famfon baƙin mai ma. Ke nan ko kam ya kauce da haƙori biyu ita kwamfutar ba ta da labari. Ido da sufana ne aikin nan.

Malam direba, kar ka bari a taɓa maka ringin tukuna. Abin da ke rikita yaran gareji da yawa shi ne taimin iri biyu ne amma suna ɗaya muke kiran su. Akwai taimin na wuta, wato lokacin da fulogi ke ƙyasta wuta, shi ne ake gyarawa da murɗa distiributa. Akwai kuma taimin na bawul, lokacin da bawul ke buɗewa mai da iska su shiga, ya rufe, na hayaƙi ya buɗe, wannan kuma yana ga yadda aka ɗora belt a kan haƙoran kam da na kirank. In na biyun ya kauce, ko ka kwana kana murɗa distiributa ba zai dawo ba, sai dai ka ɓoye ciwon, shi ya sa ka ji ta yi dama-dama sannan ta fara ƙwanƙwasa, an kai wutar gaba fiye da ƙima ne.

Kuma kar ka raina haƙori ɗaya. Kirank na zagaye biyu kam ya yi ɗaya. Ɗauka a misali gear ɗin kam haƙori 40 gare shi, raba 360 gida 40 ka samu digiri 9, a wajen kirank ya zama 18. Ka ga bawul na makara da digiri 18 a kowane zagaye, fistin ya riga ya kamo hanyar sama shi bawul ɗin shiga bai gama rufewa ba, wani abin da ya shiga ya koma baya. Ina ƙarfi zai fito?

Ga yadda za ka sa a duba a gabanka, ba ya cin rabin awa. A cire murfin belt na sama. A zare fulogi na silinda ta 1, ta wajen belt ke nan. A sa soket a kan babban bol na kirank a juya da hannu yadda injin ke juyawa, ban da kik. A saman gidan kiloci akwai rami mai toshi, cire shi ka leƙa da tocilan, za ka ga maki a jikin filawil, wato babban faifan ƙarfen da ke juyawa tare da kirank, a tsaya daidai inda makin ya zo kan ɗan tsinin da ke cikin ramin. Sai ka dawo ka dubi makin gear ɗin kam, ya kamata ya tsaya cif da makinsa na jikin inji. In ka ga makin kam ɗin yana can ɗaya gefen gaba ɗaya, ba matsala ba ce, ƙara ma kirank zagaye ɗaya. Na uku ka buɗe hular distiributa, bakin rota, abin da ke juyawa a ciki yana raba wuta, ya kalli ɗan tsagin da ke gefen jikinta. Ukun nan lokaci guda suke haɗuwa. Wanda ya saɓa shi ne ɓarawon.

Ni zargina kam ɗin na baya da haƙori ɗaya. Yana faruwa sosai in an ɗora belt an bar sako-sako a ɓangaren da ke ja, da an ɗaure tenshina, wato abin da ke miƙe belt ɗin, sai ya janye gear ɗin ya kauce, shi kuma mai aikin ya riga ya ga maki daidai tun farko bai sake dubawa ba. Doka ce, bayan ɗaure tenshina a juya inji da hannu zagaye biyu cikakku a sake duba maki.

Injiniya Lawal:

Baba ya gama magana, Allah ƙara lafiya. Abu biyu kawai zan ƙara. Na farko kar a dogara da makin fulin kirank na gaba shi kaɗai, a injinan Volkswagen ɗin nan in an taɓa barin babban bol bai ɗauru ba, ɗan makullin da ke riƙe gear ɗin kirank yana cinyewa, gear ya zame kaɗan, maki ya nuna daidai alhali fistin ba ya sama. Shi ya sa Baba ya ce filawil. In ana kokwanto a zura doguwar sukudireba a ramin fulogi a hankali, ana juyawa tana hawa, inda ta tsaya kamin ta fara sauka nan ne fistin ya kai ƙololuwa.

Na biyu, kamin kowa ya ce maka ringin a auna kwamfureshan, wato ƙarfin matsin iska a cikin silinda. In duka silinda huɗun sun yi ƙasa kusan daidai da juna bayan aikin belt, taimin ake fara zargi. In ɗaya ce ta faɗi warwas sauran lafiya, to a nan ne za a yi maganar bawul ya lanƙwashe ko gaskit bai zauna ba. Ringin da ya gaji kuma yana zuwa da hayaƙi mai shuɗi da shan baƙin mai, kana ganin haka?

Direban Daura:

Injiniya babu hayaƙi ko kaɗan, baƙin mai ma yana nan inda yake. Baba na gode, gobe in sha Allah da kaina zan tsaya a kai.

Direban Daura:

Jama'a na dawo. Baba Allah ya saka da alheri, kamar kana wurin. Filawil na kan maki, kam ya rage haƙori ɗaya cur bai iso ba, ita kuma distiributa an murɗe ta har ƙarshe. Da farko ogan ya so musu, wai shekararsa nawa yana Golf, ni dai ban ce mashi komai ba na miƙa mashi tocilan ya leƙa da kanshi, sai ya juya ya hau yaronshi da faɗa. Aka sassauta tenshina aka gyara, na ce a juya zagaye biyu, aka juya, maki na nan. Kik ɗaya ta tashi. Yau da cikakken lodi na je Daura na dawo ban nemi giya uku ba sai a cikin gari. Sai dai yanzu akwai wani ɗan kuka wiii daga wajen belt in na taka, da babu shi.

Baba Makanike Ƙofar Ƙwaya:

Alhamdu lillahi. Kukan nan sun ɗaure belt ya yi tsauri ne, kar ka bar shi haka zai cinye maka boris ɗin tenshina. Inji na sanyi ka kama belt ɗin da babban yatsa da manuni a tsakanin gear ɗin kam da na shaf ɗin gefe, ka murɗa, ya kamata da ƙyar ya kai kwana digiri 90. In bai kai ba a ɗan sassauta. Sannan wutar da aka saita da kunne a nemi mai fitilar taimin ya daidaita ta, tunda an wasa da distiributar da yawa.