Mai Zane da Gizo: Abin da Aka Ce a Hirar Titin Bauchi

Ranar Asabar, a wani shagon zane da ke Titin Bauchi a Jos, wani matashi ya koka cewa ya gaji da zanen amare da 'yan siyasa, yana so ya koma kan tatsuniya. Ga abin da na tsinta.

Dattijon cikinmu ne ya fara: "Ɗana, ba a tatsuniya da rana. Ka je ƙauye ka kwana, ka riƙa wa tsofaffin mata goro da sabulu, bayan tuwon dare ka zauna a tabarma cikin yara." Ya ce ya kasa kunne ga yadda Inna ke maƙale murya in ta zo kan tsamin bakin Gizo, da yadda take tsaki a madadin Ƙoƙi. A nan zai ga fuskarsu.

Gardama ta kaure kan Dodo. Wani ya ce a zana shi da gashi da farata, wata malama ta ce sam, a nuna inuwarsa kawai a bakin kogi, yarinya riƙe da tulu. Ni dai bayan malamar nake. Tsoron Dodo a rashin ganinsa yake.

An kuma tura matashin gidan tarihi na Jos, wanda aka buɗe a 1952, ya ƙare wa kawunan Nok, wato kawunan mutum-mutumin yumɓu na mutanen dā, kallo, musamman idanun nan masu kusurwa uku da huda a tsakiya.

Batun launi, jar ƙasa da shuni aka ambata. Da ya tashi tafiya dattijon ya ƙara masa: in ya gama, ya kai wa Inna hoton ta gani.