Musayar Waƙa: Kuɗin Birni da Rabon Yara

Malam Mai Alli:
Ga baitoci na ajiye. Mai amsawa ya riƙe amsa-amon "ra".

Magajin gari ya zo da gayya,
Ya buɗe gini, an sha hayaniya,
Fenti sabo, allo da tsintsiya,
Da aka watse sai ga gaskiya:
Ba malamin da zai koyar da yara.

Rufin bara yana zubar da ruwa,
Famfon makaranta ya daina kawowa,
Yaro na hamma, cikinsa da yunwa,
Na ce ya karanta, ya kasa iyawa,
Kuɗin gini akwai, ina na gyara?

Akawun Baitulmali:
Malam, a yi mana adalci,
Asusun birni yana cikin ƙunci,
Albashi ne bakin kowane ma'aikaci,
Kwata da titi suna da muhimmanci,
Ga asibiti, ga kwasar shara.

In haraji bai shigo da yawa ba,
Kason gwamnatin sama bai iso ba,
Me za mu raba da ba mu tara ba?
Ba mu ce karatu bai kamata ba,
Hannu ne gajere, sai a ɗan jira.

Uwar 'Yan Biyu:
Akawu, na ji batunka sarai,
Amma yaro ɗan shekara bakwai
Ba ya tsayawa, girma yake kawai,
In bai iya harafi yanzu ba dai,
Gobe da wuya, an tafka asara.

Finland ta fito daga yaƙi da talauci,
A 1948 ta ba ɗalibai abinci,
Kyauta, kullum, ba nuna bambanci,
Hukumomin gari ke bayarwa kan lokaci,
Ba su jira arziki ba kafin su fara.

Ɗalibar Shari'a:
Inna, kin faɗa, bari in ƙara,
Tsarin mulkin Brazil ya tsara,
Kashi 25 na harajin da aka tara,
Kowane birni, ba batun shawara,
Ilimi zai ba, ko ana fatara.

Na 1988 nake nufi, sashe na 212. Taron ilimi na duniya da aka yi a birnin Incheon na Koriya ta Kudu a 2015 kuwa ya nemi ƙasashe su ba ilimi kashi 15 zuwa 20 na abin da gwamnati ke kashewa, amma wannan shawara ce, ba ta ɗaure kowa.

Malam Mai Alli:
'Yata, "an ware" daban da "an saki",
Na ga kasafi mai ban mamaki,
A kan takarda ya cika ɗaki,
Zango ya ƙare ba kayan aiki,
A rahoto kuma an ce an yi nasara.

Gola Ba Fili:
Iyayena, duk kun tsaya a aji,
Bayan an tashi fa, wa ya ji?
Filin ƙwallonmu ya koma juji,
Laburare a kulle, ba mai agaji,
Sai bakin titi, sai zaman hira.

Wanda ya rasa wurin zuwa da yamma,
Dillalin ƙwaya ke masa sallama,
Yarjejeniyar 1989 ta ba mu dama,
Hutu da wasa haƙƙi ne su ma,
Ba alfarma ba ce ake wa yara.

Yaya Ɗaliba, ki duba sashe na 31 na Yarjejeniyar Haƙƙin Yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ki shaide ni.

Ɗalibar Shari'a:
Na shaida, ƙanena. Yana nan.

Akawun Baitulmali:
Ƙanena, zancenka ya shiga kunne,
Ranar sauraron kasafi ina kuke ne?
'Yan kwangila kaɗai nake gani a zaune,
Gini suke so, ribarsu a nan ne,
Ba mai cewa a ɗauki malaman yara.

Porto Alegre ta Brazil sai ku duba,
Unguwa-unguwa ake zama a zaɓa,
Wane aiki za a sa a gaba,
Kafin a taɓa kuɗin da za a raba,
Sun soma wannan tun 1989.

Uwar 'Yan Biyu:
Akawu, ka ce mu ne ba ma zuwa,
Ƙarfe goma na safe kuke sanyawa,
Ranar aiki, ana neman abin sawa,
Sanarwa a bangon ofis kuke mannawa,
Ku kawo shi makaranta da yamma, ku yi kira.