Wace kalmar Hausa ce ta dace da House of Lords?

Tun da gwamnatin jam'iyyar Leba ta Keir Starmer ta gabatar da ƙudurin soke ragowar kujerun gado a babbar majalisar dokokin Birtaniya a shekarar 2024, sunan House of Lords ya riƙa shigowa cikin labarai, kuma kowane mai fassara da irin sunan da yake ba ta. Ina ganin lokaci ya yi da za mu tsayar da magana ɗaya.

Wanda ya fi yawo shi ne Majalisar Dattawa, kuma ba na goyon bayansa. A kunnen ɗan Nijeriya wannan suna na sanatoci ne, mutanen da suka yi yaƙin neman zaɓe aka kaɗa musu ƙuri'a, alhali babu ko mutum ɗaya a waccan majalisa ta Landan da jama'a suka zaɓa. Idan muka kira ta da wannan suna, mun ɓoye wa mai karatu ainihin abin da Turawan suke ta jayayya a kansa tun 1911, lokacin da aka ƙwace mata ikon tare dokokin kuɗi, aka bar mata ikon jinkirta sauran dokoki na shekara 2 kawai, wanda aka sake ragewa zuwa shekara 1 a 1949.

Wasu sun fi son Majalisar Sarakuna, kuma suna da hujja, domin Jihar Arewa ta taɓa samun majalisa mai wannan suna a Kaduna, wadda ta zauna kafaɗa da kafaɗa da majalisar wakilai har zuwa juyin mulkin 1966. Sai dai waɗanda suka zauna a Kaduna sarakunan yanka ne da sauran masu ƙasa, kowannensu da fadarsa da hakimansa da talakawansa. Mutanen Landan kuwa ba su mulkin ko da ƙauye guda, kuma galibinsu a yau tsofaffin ministoci ne da malaman jami'a da lauyoyi da 'yan kasuwa.

Shawarata ita ce Majalisar Masu Sarauta. Bahaushe ya san bambanci tsakanin sarki da mai sarauta, ya kuma san cewa ana iya naɗa wa mutum rawani ba tare da an ba shi ƙasa ba. Wannan suna yana kuma buɗe mana hanyar rarrabe mazauna majalisar. Waɗanda suka gaji kujerunsu daga iyaye da kakanni su ne masu sarautar gado. Gwamnatin Tony Blair ta sallami mafi yawansu a 1999, aka bar 92, kuma abin mamaki, aka tsara cewa idan ɗayansu ya rasu sai a yi ɗan ƙaramin zaɓe a tsakanin 'yan majalisar don cike gurbinsa, amma ba mai tsayawa takara sai ɗan gado. Waɗanda Firayim Minista ke miƙa sunayensu ga Sarki, bisa dokar 1958 wadda ita ce ta fara ba mata damar shiga, su ne masu sarautar naɗi, tunda sarautar tana mutuwa tare da mai ita, ɗansa ba ya gadonta. Na ji an ce “sarautar rai da rai”, amma wannan lafazi gidan yari yake tunawa da mutum. Tsohuwar kalmar nan ta shigege ma ta dace da ma'anar, sai dai tana ɗauke da ƙanshin raini, ba ta kamaci rahoton jarida ba.

Inda aikin ya fi wuya shi ne kujeru 26 na manyan limaman Cocin Ingila, waɗanda ƙudurin 2024 bai taɓa ba. Biyar daga cikinsu na dindindin ne, wato na Canterbury da York da Landan da Durham da Winchester. Waɗannan mutane ba su gaji kujerar ba, ba su kuma riƙe ta har mutuwa, domin ranar da bishop ya ajiye aikin cocinsa, ranar yake tashi daga kanta. Saboda haka bai kamata a ce musu masu sarautar addini ba. Kujerun shugabannin addini ma kuskure ne, domin zai sa mai karatu ya ɗauka cewa Musulmi da Yahudawa da Katolika suna da nasu kason, alhali duk wanda ya shiga daga cikin shugabannin addininsu ta ƙofar naɗi ya shiga, kuma ko cocin Scotland ba shi da kujera. Ni dai kujerun Cocin Ingila nake rubutawa, mazaunansu kuma limaman majalisa, ko da yake na san akwai masu ganin kalmar liman ta masallaci ce kaɗai, kuma ina son jin abin da Hausawa Kiristoci suke faɗa a tsakaninsu kafin a tsayar da wannan.