Masassaƙin jirgin da sarki ya kora

Ɗan Birni: Salamu alaikum. Ina rubuta ƙagaggen labari: sarkin wata daula ya sa an ƙone rumfar masassaƙin jiragen ruwa, aka sare masa yatsu biyu don fadawa sun yi masa sharri. Ya gudu wajen maƙwabta, ya tsayar musu da rundunar jiragen yaƙi. Matsalata, ni ɗan Damagaram ne, ruwan da na sani bai wuce tafkin damina ba. Yaya zai haɗa katako ba ƙusa?

Malam na Zango: Wa alaikumus salam. Ɗinki ake yi, ɗana. A da, a kogin Kwara akan huda alluna, a ɗaure da igiya, a toshe kafofin da tsumma da man kaɗe. Jirgin yana yoyo, dole a ajiye yaro da ƙwarya yana kwarfewa. Sa yaron nan a labarin.

Inna Tasalla: Mutum mai yatsu takwas zai riƙe gizago? Ya koyar da almajirai mana. Kuma tuna Sarki Tanimun na Damagaram, a garin nan aka ƙera masa igwa. Jirgin yaƙi sai da maƙeri.

Ɗan Birni: Inna, wallahi na manta da maƙeri!