Sunayen wasanni da ake sauyawa saboda mata: mu ma za mu bi sahu ne?

Ɗan Asawase:

Assalamu alaikum. Ina horar da wata ƙaramar ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta 'yan mata a nan Kumasi, kuma wani abu ya tsaya mini a rai tun makon jiya. A wasan da muka buga, mace ce ta riƙe tuta a bakin layi, ni kuwa na yi ta kiranta "linesman" yadda bakina ya saba tun ina yaro muna zuwa kallon wasan ƙungiyar Asante Kotoko, har sai da 'yata ta ja ni gefe ta ce an daɗe da ajiye wannan suna. Da na bincika sai na tarar gaskiyarta ce, domin tun 1996 hukumar da ke tsara dokokin ƙwallon ƙafa ta mayar da shi mataimakin alƙalin wasa. Haka ma a Satumban 2021 ƙungiyar Marylebone ta Landan, wadda dokokin wasan kurket ke hannunta, ta cire "batsman" ta sa "batter" domin sunan ya haɗa mace da namiji. Shin mu masu Hausa akwai abin da ya kamata mu gyara, ko kuwa wannan damuwar masu Turanci ce kaɗai?

Malamin Aboabo:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Ciwon Turanci daban ne, don haka maganinsa ba lalle ya yi mana aiki ba. Su kalmar namiji, wato "man", ce take manne a wutsiyar sunan, da sun yanke ta shi ke nan. Mu kuwa jinsi ya ratsa jimlarmu gaba ɗaya: ko ka ce "mai tsaron gida", wanda bai nuna mace ko namiji ba, da zarar ka ci gaba dole ka zaɓi "ya kama" ko "ta kama". Maƙwabtanmu Asante ba su da wannan aiki, tunda kalma ɗaya suke amfani da ita a wurin "shi" da "ita", shi ya sa za ka ji wasu yaranmu da suka tashi da harsunan biyu suna ce wa yarinya "ya zo".

A ganina, adalcin da Hausa ta sani shi ne a kira mace da siffarta. Muna da ɗan wasa da 'yar wasa, alƙali da alƙaliya, gwarzo da gwarzuwa, kuma idan an haɗa su jam'i ya ishe mu, 'yan wasa ko alƙalai. Laifin yana wurin mai magana da ya yi ƙyuiyar ɗauko kalmar da take ajiye tun kaka da kakanni.

Tsohuwar Gola:

Malam, Allah ya ƙara ilimi, amma kalmar da take ajiye ba ta amfani kowa ba sai an furta ta. Na tsare gida shekaru da dama, kuma ranar da aka fara ba ni kyauta, mai sanarwa cewa ya yi "gwarzon wasa", mutane suka yi ta waige suna neman namiji. Abin ya yi mini zafi, domin ni na yi gumin. Lokacin da Salima Mukansanga 'yar Ruwanda ta busa wasan Zimbabuwe da Gini a gasar cin kofin Afirka a Kamaru a Janairun 2022, mace ta farko da ta yi haka, na zauna da ƙannena mata ina maimaita musu "alƙaliya" har ta zauna a bakinsu. A Disamban wannan shekarar kuma Stéphanie Frappart ta Faransa ta busa wasan Jamus da Kosta Rika a gasar cin kofin duniya ta maza a Katar. Ina goyon bayanka cewa kada a share jinsi, sai dai ina roƙon masu sharhi a rediyo su fara, tunda daga bakinsu yara ke ɗauka.

Baba na Tafo:

'Ya'yana, ni abin da ke damuna ɓacewar tsofaffin kalmomi ne, kuma ba mata suka kore su ba. Iyayenmu "tamaula" suke cewa, yau ka faɗa wa yaro a zango sai ya tsaya yana kallonka, domin "bol" kaɗai ya sani. Wannan ta tafi ba tare da wata hukuma ta zauna a kanta ba, kuma ita ce tamu ta gado. Turawa su yi yadda suka ga dama da nasu.

Ɗan Asawase:

Na gode, Baba, na gode Malam. Yaya, maganarki ta shige ni ƙwarai. Ranar Asabar muna da wasa, kuma na riga na gaya wa mai sanarwarmu ya ce "gwarzuwar wasa" da "mataimakiyar alƙali". Baba, idan ƙafa ta bari, ka zo filin ka koya wa yaran "tamaula" da sauran kalmomin da ka riƙe, zan aiko a ɗauko ka bayan La'asar.