Chardonnay ɗin da bai shiga gangar katako ba: in shiga kulob saboda shi kaɗai?

Maman Ladi, Santa Rosa

Jama'a barkanmu da war haka. Tambaya ce da ni ga 'yan'uwa mazauna Amurka masu shan ruwan inabi. Waɗanda ba sa sha su yi mini afuwa.

Ni na daɗe da sallama Chardonnay, wato wani nau'in farin ruwan inabi. Duk wanda aka zuba mini a liyafar wajen aiki, ƙamshin vanila da man shanu ne ke cika mini baki, kofi ɗaya ma ba na iya ƙarasawa. To ranar Asabar abokiyar aikina ta ja ni wani ƙaramin gidan inabi kusa da garin Healdsburg nan Kalifoniya, yarinyar da ke zubawa ta ba ni wani da aka rubuta “unoaked” a jikin kwalbarsa, wato bai shiga gangar katako ba. Ai sai na ji wani abu dabam: ɗanyen tuffa, lemun tsami, ya wuce tas bai bar maiƙo a harshe ba. Na sayi kwalba biyu, na buɗe ɗaya da farfesun kifi mai yaji, suka dace ƙwarai.

Yanzu sun ce in shiga kulob ɗinsu: kwalba shida duk wata uku, rangwamen kashi 20 cikin ɗari, ɗanɗano kyauta idan na je. Me ya sa wannan ya bambanta da sauran alhali inabin iri ɗaya ne? In na shiga, shi za su riƙa aiko mini, ko duk abin da suka ga dama? Kuma ni ma'aikaciyar jinya ce mai aikin dare, da rana barci nake yi, yaya za a yi da kawowa?

Ɗanjuma na Sonoma

Anti, sannu da aiki. Ina aiki a ɗakin tsimi na wani gidan inabi lokacin girbi, bari in ɗauki ta farkon.

Shi inabin Chardonnay ba shi da ƙamshi mai ƙarfi na kansa, abin da aka yi masa bayan an matse shi yake ɗauka. Vanila da ƙamshin gashi daga gangar katakon oak suke fitowa, mai cin lita 225 ko 228, wadda ake babbake cikinta da wuta kafin a rufe. In gangar sabuwa ce ƙamshin ya fi yawa. Naki a tankin ƙarfe mara tsatsa aka tsima shi, cikin sanyi, shi ya sa kika ji ɗanɗanon 'ya'yan itace zalla.

Amma man shanun nan ba daga katako yake ba, nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. Akwai tsimuwa ta biyu, inda wasu ƙwayoyin bakteriya ke juya tsamin da ke cikin inabi, irin na ɗanyen tuffa, ya koma irin tsamin da ke cikin nono. Ki auna kaifin tsamiya da laushin kindirmo, to haka tazarar take. A wajen juyawar ne wani sinadari mai suna diacetyl ke fitowa, shi ne ƙamshin man shanun. Ke nan ana iya samun kwalbar da ba ta taɓa ganga ba amma tana da maiƙon da kike gudu, in an bar tsimuwa ta biyun ta gudana. Wasu kuma suna barin ruwan ya kwanta a kan yis ɗin da ya mutu ya sauka ƙasan tanki, suna motsawa lokaci-lokaci. Wannan kauri yake ƙarawa, ni kam ina son sa. Akwai kuma masu sa wani kaso a tsohuwar gangar da ƙamshinta ya ƙare, su ce salon marar katako ne. Kada rubutun kwalba ya ishe ki, ki ce su ba ki takardar bayanin yadda aka yi shi, kusan kowane gida yana da ita.

Kuma kada ki ɗauka ke kaɗai ce. Tun da Chardonnay na 1973 na gidan Chateau Montelena da ke Kalifoniya ya doke na Faransa a gasar ɗanɗanon Paris ta 1976, Kalifoniya ta rungumi inabin nan, aka yi ta lafta masa katako har mutane suka gundura, a shekarun 1990 wasu suka fara cewa a ba su komai ban da Chardonnay. Marar katakon ba sabon abu ba ne, mutanen Chablis a arewacin yankin Burgundy na Faransa sun daɗe suna yin irinsa.

Malam Sani Direba

Maman Ladi, ni Musulmi ne, ba na sha, batun ɗanɗano na bar wa Ɗanjuma. Amma na yi aikin raba kaya gida-gida, na san dokar katan ɗin nan. Gidan waya na gwamnati ba ya ɗaukar giya sam, sai irin su UPS da FedEx. Dole babba mai shekara 21 ko fiye ya nuna katin shaida ya sa hannu. Direba ba zai ajiye a bakin ƙofa ba ko da kin manna takarda kina roƙo, zai iya rasa aikinsa. In an zo ba a samu kowa ba har iya adadin zuwan da kamfanin ya ƙayyade, katan ya koma inda ya fito. Ki sa a riƙe miki a shagonsu mafi kusa ki je ki karɓa. Ke da ke Santa Rosa ma, Healdsburg tafiyar kamar minti ashirin ce a kan titin 101, ki zaɓi zuwa ɗauka da kanki ki huta da kuɗin aike.

In kina da baƙi irina, gidan inabin Navarro da ke kwarin Anderson suna sayar da ruwan inabin Gewürztraminer da Pinot Noir wanda ba a tsima ba, babu giya a ciki.

Goggo Saratu, Houston

Ƙanwata, na taɓa zama memba a wani gida, kuma irin dalilinki ne ya kai ni, farin guda ɗaya da na so. Katan na farko ya zo, nawa kwalba ɗaya, sauran biyar ja ne masu tsada, kuma an riga an cire kuɗin a katina. Ba cuta ba ce, yana rubuce a takardar. Kulob hanya ce da ƙaramin gida ke sayar da duk abin da ya yi kai tsaye ba tare da dillali ba, kuma marar katako yawanci shi ne mai araha a jerin, tunda ganga sabuwa ta Faransa kuɗi ce mai yawa, don haka ba shi suke ɗokin turawa ba.

Kafin ki ba da kati, ki tambaya ko ana barin memba ya canza abin da ke cikin katan, da katan nawa ya wajaba ki karɓa kafin ki iya fita. Rangwamen kashi 20 a kan kwalba biyar da ba kya so ai ba riba ba ce. Mu nan Texas da zafi ma dakatar da aike suke yi har sai iska ta yi sanyi, sai ki ga katan na Yuni ya iso a Oktoba.

In sun ƙi, kanti ya wadatar. Ki nemi marasa katako irin su Metallico na Morgan ko Silver na Mer Soleil, dukansu daga Monterey, ko Petit Chablis.

Maman Ladi, Santa Rosa

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Goggo, na kira su. Ana canzawa, muddin kwalba shida ta cika kuma na shiga shafinsu kafin ranar cire kuɗi. Katan biyu ne sharaɗin fita. Ɗanjuma, na yi tambayarka, matar ta ɗan yi shiru sannan ta haɗa ni da mai yin ruwan da kansa, ya ce sun hana tsimuwa ta biyu gaba ɗaya. Matsalar kawai, kaɗan suke yi, da bazara yake fitowa, kafin kaka ya ƙare. Zan shiga, in zaɓi ɗauka da kaina kamar yadda Malam Sani ya ce.

Ɗanjuma na Sonoma

To Anti, ki cika katan ɗin bazara da shi, amma kada ki tara fiye da abin da za ki sha cikin shekara biyu, irin wannan ba na ajiya ba ne. Na kaka kuwa ki tambaye su ko suna da Sauvignon Blanc, wani farin ne shi ma, wanda aka tsima a tanki. Ki riƙa fito da kwalbar daga firij kamar minti goma sha biyar kafin ki zuba, in ya yi sanyi da yawa tsamin kaɗai za ki ji, tuffan ya ɓuya.