Wa ke jan ayarin? Neman sunan Hausa ga Game Master

Jama'a, assalamu alaikum. Akwai kalma ɗaya da ta tsaya mini a wuya tun hutun makaranta da ya wuce, ina so masu Hausa a baki su taya ni mu yi mata matsaya. Amma sai na fara bayyana wasan da ta fito daga cikinsa, don na san da yawa ba su taɓa ganin ana yin sa ba.

Mutum huɗu ko biyar ne za su zauna su kewaye tebur. Mu dai a kan tabarma muke yi, a zauren gidanmu. Kowa ya ƙago mutum guda na cikin labari, ya raɗa masa suna, ya zaɓa masa sana'a, a rubuta ƙarfinsa da rauninsa da kayan da ke jakarsa a takarda. Mutum ɗaya ne kawai ba shi da nasa, don aikinsa daban ne. Shi zai ce: "Kun iso bakin rijiya da la'asar sakaliya. Guga babu, igiya an yanke ta, ga sawun raƙuma uku sun yi gabas. Me za ku yi?" Kowa ya faɗi abin da mutuminsa zai yi. In abin mai yiwuwa ne kuma mai ƙin yiwuwa, sai a jefa ɗan lido, galibi mai fuska 20, lambar da ta fito ta raba gardama. Ba a sa kuɗi, ba wanda ke cinye wani, labari ne ake saƙawa tare.

A Amurka aka haifi wasan. Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da Dungeons & Dragons a 1974, ta hannun kamfanin TSR da ke garin Lake Geneva a jihar Wiskonsin. A littattafan farko, wannan mutum ɗaya da na ambata da sunan alƙalin wasa suka kira shi. Daga baya ya koma Dungeon Master, sauran wasanni irinsa kuma suna cewa Game Master. To, sunan wannan mutumin nake nema da Hausa.

Abin da ya sa ya dame ni: ƙannena da 'ya'yan yayyena na yi wa wasan, babbarsu shekararta 15, ƙaraminsu 9. Komai da Hausa muke yi, rairayi da ƙishirwa da dodanni duka, sai an zo kaina harshe ya karye. Wannan ya ce "Masta", wancan ya ce "mai wasan". Ƙaramin kuwa "Anƙul mai tambaya" yake ce mini. Kalma ɗaya baƙuwa a tsakiyar labari tana tashin yaro daga cikin hamada ta dawo da shi zaure.

Fassarar kai tsaye ba ta kai mu ko'ina. Kalmar farko ta Dungeon Master kurkukun ƙarƙashin ƙasa take nufi, mai kula da kurkuku kuwa a Hausa yari ne. Ba wanda zai so ya zauna hira a hannun yari.

"Alƙalin wasa" tana da hujja, tunda su ma masu abin da ita suka fara. Sai dai ƙwallon ƙafa ta riga ta mallake ta. Ka faɗe ta, usur da jan kati ne za su faɗo wa mutum a rai. Alƙalin wasa kuma yana tsakanin ɓangare biyu masu neman kayar da juna, ba ya ƙago fili, ba ya magana da bakin kowa.

"Mai tatsuniya" ce ta fi daɗewa a raina. Ga ta nan ga ta nanku, ta zo mu ji ta: zaman iri ɗaya ne, da dare, yara sun kewaye babba. Amma a tatsuniya kaka ta san ƙarshen tun kafin ta buɗe baki. Ba yaron da zai ce Gizo ya fasa zuwa gidan kura a fasa. A wannan wasa kuwa yaran ne masu yanke shawara, ni kaina ban san inda za a ce ƙurunƙus ba. Wata 'yar'uwa ta kawo "sarkin wasa". Na gode mata, amma sarauta tana jawo fadanci, mutumin nan kuwa hidima yake yi wa na zaune.

Bari in faɗi abin da ya kai ni ga kalmar da nake so, don daga kuskurena ta fito.

Labarin da na shirya musu na hamada ne, na masu matakin farko, wato mutanen da ba su taɓa fita ko'ina ba. Wanda bai san wasan ba zai ɗauka matakin farko ne mai sauƙi. Shi ne mafi haɗari. A dokokin bugu na biyar, na 2014, matakai 20 ne, kuma mai sihiri a mataki na 1 yana farawa da jini 6 ne, wato ma'aunin raunin da zai iya ɗauka kafin ya faɗi, sai ɗan abin da lafiyar jikinsa ta ƙara masa. ("Jini" yaran ne suka kawo ta daga gem ɗin waya, ta kuwa zauna daram.) Takobin ɗan fashi guda, ɗaya daga cikin ƙananan abokan gaba, yana cire 2 zuwa 7 a sara ɗaya. Ga kuma ruwa. Dokar ta ce mutum na bukatar galan ɗaya a rana, galan biyu in ana zafi, wato wajen lita bakwai da rabi. Wanda ya samu rabin haka sai ya jefa ɗan lido ya ga ko jikinsa zai jure, wanda bai samu ko rabin ba gajiya ta hau shi kai tsaye. Gajiyar hawa shida ce: a hawa na biyu saurinsa ya ragu da rabi, a na biyar ba ya iya ɗaga ƙafa, na shida mutuwa.

Na bi dokar nan sau da ƙafa. Guguwa ta raba su da ayarinsu, salka ɗaya ta fashe, rijiyar farko na sa ta ƙafe don littafin da ke kaina ya ce hamada ba ta da tausayi. Kafin a kira isha'i, yarinyar da ƙanwata ta kwana biyu tana ƙirƙira, mai kiwon raƙuma, wadda har sunan taguwarta ta rubuta, ta faɗi a rairayi ba ta tashi ba. Ƙanwata ba ta yi kuka ba. Ta ninke takardar huɗu, ta sa a aljihu, ta shiga cikin gida. Ban karya doka ko ɗaya ba. Alƙalanci na yi, tsaf. Abin da ban yi ba shi ne in kai su inda za su.

Washegari ina ba mahaifiyarmu labari, sai ta ce, "Kai wane irin madugu ne da za ka fita da yara ka baro ɗaya a hanya?" Nan take na ji kalmar ta faɗa gurbinta.

Madugu uban tafiya. Fataken da ke tashi daga Kano da Sakkwato su nufi Gwanja sayen goro, har kasuwar Salaga da ke cikin Gana ta yau, watanni suke yi a hanya, kuma duk ayarin a wuyan mutum ɗaya yake. Shi ya san hanya, shi ke cewa yau a nan za a yada zango, shi ke shiga gaban sarakunan da ake ratsa ƙasarsu ya daidaita abin da za a biya, shi ke raba rigima in ta tashi tsakanin fatake. Kowane falke da jarinsa da cinikinsa, madugu ba ya saya masa, ba ya sayar masa. A arewa ma haka abin yake: ayarin gishiri da ke tashi daga ƙasar Agadas ya keta Tenere zuwa Fashi da Bilma, a kai gero a komo da kantu da dabino, jagoransa madugu ake ce masa har a bakin Buzaye. Tafiya ce ta kwanaki tsakanin rijiya da rijiya, in ya kuskure hanya ba shi kaɗai zai mutu ba.

Ku auna da mai jan wasan nan. Ya san taswirar, 'yan wasa ba su sani ba. Shi ke cewa a tsaya nan sai wani mako. Shi ke magana da duk wanda aka tarar a hanya. Shi ke raba gardama. Bai isa ya zaɓa wa kowa abin da zai yi ba. Har wata tsohuwar tafiyar hamada da TSR ta buga wa masu mataki na 1 zuwa 3 a 1982, The Lost City ta Tom Moldvay, da ayari ta fara: guguwar rairayi ta raba 'yan wasa da sauran matafiya, ruwa ya ƙare, suka yi karo da wani tsohon gini mai hawa-hawa da yashi ya binne. Su kansu masu wasan, da suka tashi shiga hamada, hanyar fatake suka bi.

Kawuna ya ga abin da na rubuta, ya shigo da gyara, kuma gyaran mai nauyi ne, don kakansa falke ne. Ga abin da ya ce:

"Ɗana, madugu cikin ayari yake. Ƙishirwar da ta kama su ta kama shi, ɗan fashin da ya tare su shi ya fara tarewa. Kai kuwa da bakinka ka ce kai ne guguwar, kai ne ɗan fashin, kai ka ƙafar da rijiyar. Wane madugu ne ke haɗa baki da hamada? In jan hanya kake nufi, ai jagaba ke gaba, shi ke duba hanya ya nemo zango kafin ayari ya iso. Kada ku ɗauki sunan manya ku ɗora inda bai dace ba."

Kawu, Allah ya ƙara girma. Maganarka ta farko gaskiya ce, ba ni da abin da zan kare ta da shi gaba ɗaya. Mai jan wasan nan yana sa rigar maƙiyi, madugu bai taɓa sa ta ba. Abin da zan ce kawai shi ne, ba kalmar da za ta ɗauke aikin duka, don aikin baƙo ne, ba mu gaje shi ba. Dole mu zaɓi ɓangaren da muke so sunan ya riƙa tuna wa mai shi. Rigar ɗan fashi aro ce, minti goma ya cire ta. Amanar mutanen da ke zaune a gabansa kuwa tana wuyansa daga sallama har tashi. Na ga abin da ke faruwa in mutum ya manta da wannan, a fuskar ƙanwata na gan shi. Saurayin da aka ce masa "kai ne Masta" zai iya ɗauka an ba shi izinin nuna ƙarfi. Wanda aka ce masa "kai ne madugu", ko bai taɓa ganin raƙumi ba, ya san ana jiran ya dawo da mutane.

Jagaba kuma, Kawu, a ƙarƙashin madugu yake, ba shi ke yanke hukunci ba, wasan nan kuwa yana bukatar wanda maganarsa ce ta ƙarshe. Ban da haka, siyasar Najeriya ta riƙe kalmar a 'yan shekarun nan, yaro ya ji ta ba ayari zai tuna ba.

Wani ya yi tambaya mai kyau: in a cikin labarin akwai madugu na gaske mai jan raƙuma fa, ba za a ruɗe ba? Mun gwada. Na cikin labari yana da sunansa, madugu wane, na kan tabarma kuwa Madugu ne kawai. Ko sau ɗaya yaran ba su haɗa su ba.

Abin da ya ƙara kwantar mini da hankali shi ne kalmar ba ita kaɗai ta zo ba, da danginta ta zo, ba tare da na nema ba. Taron 'yan wasa ya zama ayari. Zama ɗaya na wasa ya zama zango: "zango na uku ranar Asabar." Kayan da kowa ya rubuta a takardarsa guzuri ne. Dogon labarin da ake yin watanni ana bi, tafiya. Da "alƙali" ko "sarki" muka ɗauka, da kowace sai mun ƙago ta daban. Mace in ta ja wasa, maduga, jam'i madugai. Babbar 'yar yayata ta riga ta ce ita ce maduga a hutu mai zuwa.

A zango na biyu na gyara tafiyar. Ban cire ƙishirwa ba, don hamadar da ba ƙishi ba hamada ba ce. Amma kafin su bar gari na sa wata tsohuwa mai sayar da salka ta gaya musu kwana nawa ne zuwa rijiya ta gaba, suka zauna suka yi lissafin ruwansu da kansu, suka sayar da takobi ɗaya suka ƙara salka biyu. 'Yan fashin farko na sa su ma ƙishirwa ta ci su, har ana iya ciniki da su maimakon faɗa. Ƙanwata ta dawo da takardarta mai ninki huɗu. Muka ce taguwar ce ta kai yarinyar wata rijiya da ba ta cikin taswira.

Ni dai na tsaya a kan madugu. Kawu ya ce bai janye maganarsa ba, amma Asabar zai zo zaure ya ga zangon da idonsa kafin ya sake cewa komai. Wadda ta rage mini yanzu ita ce ɗan lidon nan mai fuska 20, don "ɗan lido" na jawo mai fuska shida a rai, kuma a wasan akwai mai 4, mai 6, mai 8, mai 10 da mai 12. Yaran "mai ashirin" suke ce masa. 'Yan'uwa na Damagaram da Maraɗi da Agadas, in akwai sunan da kuke kiran irin wannan ƙwaya da shi a wajenku, ku kawo kafin Asabar.